Hanyar Dabaga

Ba don son keke Alhaji Alkasum ya bar ƴarsa ta shiga tafiyar ba, ita ma Kadidia ta san haka. Ya bar ta ne saboda wanda ya zo neman izinin. Chaibou ne ya zo, magatakarda a buro, wato ofishin gwamnati, shugaban ƙungiyar matasan Agadas, mutumin da duk gidan ke yi wa kallon suruki tun ita ba ta ce uffan ba.

Ƙungiyar ce ta shirya a hau keke daga Agadas har Dabaga, a kwana can, gobe a dawo. Wai don a nuna tunda Nasara ya tafi, mulki ya koma hannun shugaba Diori, matasa za su ratsa ƙasarsu da ƙarfin ƙafarsu. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka zaɓi tsakiyar bazara.

Chaibou ya ce wa Alhaji tafiya irin wannan tana son ma'aikacin likita da akwatin magani. Kadidia ungozoma ce. A Damagaram ta yi karatu, daga can ta zo da kekenta na mata, wanda har yau tsofaffin unguwa ba su daina maganarsa ba. Ba yarinya ba ce. Ta taɓa aure, mijin ya rasu tun ba su daɗe ba, ta gama takaba ta koma lakkol, makarantar boko.

Da asuba tana ɗaure akwatin a bayan keke, Inna ta zo ta tsaya a kanta.

"Ki dubi Chaibou da kyau a hanya," in ji Inna. "Mutum ne mai natsuwa. In kun dawo babanki amsa yake jira, ya gaji da gobe-gobe."

"Na ji, Inna."

"Wancan zancen kuma ki bar shi nan bakin ƙofa. Yayanki Seydou zai bi ku."

Wancan zancen shi ne Inoussa. Inna ba ta kiran sunansa. Mushe ne, wato malamin lakkol, a unguwarsu, ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Laifinsa ɗaya, ɗan maƙera ne. Kakansa ya ƙera wa kakar Kadidia ƴan kunne, ubansa Abdu ya ƙera wa Inna azurfar aurenta. Suna shiga gidan har tsakar gida, a ba su abinci, a yi raha da su. Mace ce kawai ba a taɓa ba su ba.

A gaban babban masallaci aka taru, rana ba ta fito ba. Kekuna sun fi ashirin, Kadidia kaɗai ce mace. Wani tsohon kamiyo, babbar motar kaya, zai biyo su a baya da salkunan ruwa da tuta. An ɗora wa Inoussa tsare ƙarshen layi, shi ke da abin hura taya da robar liƙi.

Ta tura kekenta kusa da shi kamar mai neman wurin tsayawa.

"Madame, ina kwana," ya ce, idonsa na kan taya.

Kwanaki ke nan haka yake gaishe ta, kamar ba shi ne mai tsayawa bayan gidan likita da yamma yana jiran ta tashi aiki ba. Ba ta samu ta amsa ba, Seydou ya cusa kekensa tsakaninsu. Can gaba Chaibou ya buga ƙararrawa, ya ce, "Allez!" Aka tashi.

Da farko waƙa ake yi. Samari na tsere, suna sakin ƙahon keke suna ɗaga hannu sama, yaran bayan gari na bin su da gudu. Kafin hantsi waƙar ta mutu. Hanya ta bar ƙasa mai ƙarfi ta shiga tsakuwa, daga tsakuwa ta faɗa yashi, inda dole kowa ya sauka ya tura. Duwatsun Abzin suka fito gabansu baƙi ƙirin, suna huci kamar an fito da su daga wuta.

Ƙaya ta fara aikinta. Taya ta fashe nan, a tsaya, a liƙe, a yi gaba kaɗan wata ta fashe. Wasu samari biyu da suka fi kowa tsere da safe suka jefa kekunansu cikin kamiyo, suka kwanta kan salkuna ba kunya. Kadidia ta ɗaure gyalenta a haɓa, tana takawa a hankali yadda ta saba. Ƙarfen ƙahon ya yi zafin da sai ta naɗe hannu da ƙyalle.

Chaibou ya rage gudu har ya jero da ita. Farar rigarsa ta jiƙe ta manne a baya, amma maganarsa tsaf take fita kamar yana buro.

"An ce ki hau kamiyo kin ƙi, ga shi kin gajiyar da maza."

"Hanya ce ta gajiyar da su."

Ya yi dariya. Ya shiga ba ta labarin gidan da za a ba shi, na siminti, da rijiya a ciki. Ya ce shi ba zai hana ta aiki ba, ba zai hana ta keke ba, zamani ya canza. Tana ji tana cewa to. Ba ta ga abin ƙi a cikin maganar ba, ba ta kuma ji komai a ranta ba.

"Lakkol ɗin unguwarku nake tausayi," ya ce daga baya. "Za su rasa mushe mai kyau."

"Wane mushe?"

"Inoussa mana. Ba ki ji ba? Dirkou zai koma, da kamiyon da zai tashi ƙarshen wata."

Tayar gabanta ta nutse cikin yashi, ta sa ƙafa ƙasa. Dirkou, can Kawar, bayan hamadar Tenere, inda mutum ke tafiya a manta da kamanninsa kafin ya dawo.

"Kai ka yi wannan," ta ce.

Shi ma ya tsaya. Bai yi fushi ba, ya ciro ƙyalle ya share wuya.

"Kadidia, ina son ki, ban ɓoye wa kowa ba. Amma ba na korar mutum da alƙalami. Da ƙafarsa ya zo buro ya roƙa. Har na ce ya je ya sake tunani, ya ce ya gama. In ba ki yarda ba, ga shi can baya."

Ya hau kekensa ya yi gaba. Ta waiga. Can nesa Inoussa na durƙushe a rana yana hura tayar wani.

Rana ta take sosai kafin su kai wani lanƙwasa na korin Telwa, busasshen rafin da hanya ke bi, inda manyan gawo suka yi inuwa. Kowa ya yar da keke inda ya tsaya. Aka sauke salkuna, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego, aka sha haka nan. Aka yi azahar, aka raba dabino da cuku. Direban kamiyo ya hura gawayi ya ɗora shayi.

Kadidia ta buɗe akwati ta bi mutane ɗaya-ɗaya. Wannan ƙafarsa ta yi bororo, wancan ya faɗi ya goge gwiwa. Seydou ya jingina da itace ya rufe fuska da rawani, numfashinsa ya yi nauyi.

Inoussa ne ya iso a ƙarshe. Ya zauna shi kaɗai gindin wata goruba, ya ɗaga kai sama, jini na bin leɓensa. Haɓo ne, rana ta fasa masa hanci.

Ta ɗauki auduga da ruwa ta je. Wannan ba mai hana ta, aikin da ya kawo ta ke nan.

"Sunkuyar da kai, ba sama ba. Riƙe nan."

Ya riƙe. Ta jiƙa ƙyalle ta ɗora masa a ƙeya.

"Dirkou," ta ce.

Bai ɗago ba.

"A bakin Chaibou zan ji? A kan hanya, kamar labarin farashin gero?"

"Na so in gaya miki. Kullum in na tashi sai in kasa."

"Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba, Kadi."

"To wa ya yi?"

Ya cire audugar ya duba, ya mayar. Ya fara magana ƙasa-ƙasa, kamar yana ba da labarin wani.

"Alhaji ya zo maƙera. Da kansa, ba aike ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya shiga rumfarmu ba. Ya cire takalmi, ya zauna kan buzu kusa da Baba. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, Abdu, gidana da gidanka ba a taɓa jin kanmu ba tun kakanni, ka riƙe ɗanka kada mu zama abin magana a gari. Ya tashi ya tafi."

"Shi ke nan?"

"Da na dawo daga lakkol na tarar wuta ta mutu, Baba na zaune bai taɓa komai ba. Ya kama ƙafata, Kadi. Tsohon nan ya kama ƙafata yana kuka. Ya ce shi ya kai ni lakkol lokacin da manya ke ɓoye ƴaƴansu, bai san hanyar tozarta shi ya buɗe mini ba. Ya ce ƙannena mata a garin nan za su yi aure, a garin nan za a binne shi."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba, ta ci gaba da matse ƙyallen a ƙeyarsa, duk mai kallo daga nesa zai ce aiki take.

"Sai ka yanke hukunci kai kaɗai."

"Me zan ce miki? Ki bar gidanku saboda ni?"

"Ka tambaye ni mana! Ka bar ni in ce a'a da bakina. Baba ya yanke, Inna ta yanke, Yaya Seydou ya yanke, yanzu kai ma. Auren farko da aka yi mini ban ce komai ba, na zauna, na yi biyayya, na binne shi. Ban yi ƙorafi ba. Na ɗauka wannan karon za a bar ni in buɗe baki."

"Chaibou mutumin kirki ne."

"Kada ka sake gaya mini haka. Inna ta gaya mini da asuba."

"Zai riƙe ki da daraja. Ni me nake da shi? Ɗaki ɗaya da allo. Ƴaƴanki a ce musu jikokin maƙera, ƴan'uwanki su ƙi cin abinci a gidanki."

"Ƴaƴan Agadas nawa na karɓa da hannun nan? Ban ga wanda ya fito da guduma ba, ban ga wanda ya fito da rawani ba."

Ya yi ɗan murmushi, idanunsa suka ciko.

"Wannan a gidan likita ne. A gari ba haka ba ne, kin sani."

"Inoussa, dube ni. Ka daina sona ne?"

Ya dube ta. Jinin ya tsaya, ya bushe a gefen bakinsa.

"Da na daina, da ba sai na tsallaka Tenere ba."

Inuwa ta faɗo kansu. Seydou ne, rawani a hannu, idanu jajur da barci da zafi.

"Haɓon bai tsaya ba ne?"

"Ya tsaya, Yaya."

"To tashi." Ya juya ga Inoussa. "Mushe, tare muka yi wasan ƙasa da kai, shi ya sa nake maka magana da baki. An ce za ka tafi. Ka tafi lafiya. Kafin nan kada in sake ganin inuwarka kusa da tata."

"Na ji, Seydou," in ji Inoussa.

Kadidia ta rufe akwati ta koma wurinta. Aka miƙo mata shayi ta karɓa, ya huce a hannunta.

Da rana ta ɗan karkata Chaibou ya buga ƙararrawa. Wannan ne yankin da ya fi wuya. Iska ta taso daga duwatsu kamar daga bakin tanda, ta bushe gumi tun bai sauko ba. Layi ya watse, kowa na fama da kansa. Kamiyo ya cika da kekuna da masu su, har direba ya ce ba sauran wuri, wanda ya gaji ya tura.

Kadidia ba ta sauka ba sai inda yashi ya tilasta. Cinyoyinta sun daina ciwo, sun zama kamar na wani. Tana takawa tana kallon tayar gaba, a hankali kukan ya bar ta, tunani ya zauna a wurinsa. Ta tuna shekarunta a Damagaram, ita kaɗai, ba uwa ba uba, kuma ba ta mutu ba. Ta tuna fuskar Alhaji in ya yi shiru, wadda ta fi faɗansa ban tsoro. Ta auna wannan ta auna wancan, kamar yadda take yi in haihuwa ta zo da gardama kuma ba likita a kusa.

Da la'asar kore ya bayyana. Dabino, rumman, gonakin albasa, da kukan igiyar rijiya inda sa ke jan guga yana komawa. Mutanen Dabaga sun fito bakin hanya, mata na guɗa, aka ɗaga tuta a kan kamiyo. Samarin da suka sha kwanciya suka yi maza suka sauke kekunansu don su shiga gari a kai.

Aka kai su wata gona. Maza suka faɗa kan magudanar ruwa, suna zuba wa kansu da riguna. Chaibou ya yi gajeren jawabi, rabi Faransanci rabi Hausa, aka tafa. Da ya gama ya nufo inda Kadidia ke wanke hannu, da ƙwaryar fura.

"Kin kai," ya ce. "Gobe duk Agadas za ta ji."

Ta karɓi furar ta ajiye a gefen magudana.

"Chaibou, Baba na jiran amsa. Na ga ya fi kyau kai ka fara ji, ba a bakin wani ba. Ba zan aure ka ba. Ba ka yi mini laifin komai ba."

Ya kalli ruwa. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na gani tun a kori. Bon. Amma shi tafiya zai yi, Kadidia. Me ya rage miki?"

"Kawar ba ungozoma. Mu a gidan likita mun sani, mata can a hannun Allah suke haihuwa. An sha neman mai zuwa, kowa na ƙi. Ina so ka rubuta mini neman canji zuwa Dirkou."

"Ni?"

"Aikinka ne. Ka ce ba ka korar mutum da alƙalami. To kada ka tsare ni da shi."

"Kin san abin da kike faɗa? Manya a Yamai ke yankewa, ba ni ba. In suka yarda, ba dawowa kusa. Kuma wa zai ɗaura miki aure ba waliyyi?"

"Bazawara ce ni. Zan roƙi Baba har ranar tafiya. In ya ƙi, akwai alƙali."

"Alƙali!"

Ba Chaibou ne ya faɗa ba. Seydou na tsaye bayan bishiyar rumman, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya tako har gabanta.

"Maimaita."

"Ka ji, Yaya."

"Za ki kai ubanki gaban alƙali saboda ɗan maƙera? Za ki bi namiji Kawar kamar wadda ba ta da gida?"

"Aiki zan je. In Baba ya sa albarka, in tafi da aurena. Shi nake roƙo."

Ya ɗaga hannu. Chaibou ya riƙe shi.

"Seydou, mutane na kallo."

Seydou ya fizge hannunsa. Ya dubi ƙanwarsa kamar zai yi kuka.

"Wallahi ba za ki riga ni gida ba. Yau Baba zai ji, kafin gari ya ji."

Ya nufi inda aka jingine kekuna, ya ja nasa, ya juya shi kudu. Direba ya bi shi yana kira, yana cewa rana ta kusa faɗuwa, ya jira safe, ko ruwa bai ɗauka ba. Bai waiga ba. Mutumin da ya yini yana haki, ya hau ya bi hanyar da suka fito, shi kaɗai.

Inoussa ya zo da sauri, hannunsa duk baƙin man sarƙa.

"Me ya faru? Ina za shi?"

"Gida," in ji Kadidia. "Na ce zan bi ka Dirkou."

Ya dube ta, ya dubi hanya inda Seydou ke ƙanƙancewa tsakanin duwatsu.

"Ba zai kai ba," ya ce. "Ko kori ba zai kai ba a haka. Kamiyo fa?"

Direba ya nuna motar, an buɗe mata baki tana tururi. Ya ce ba za ta motsa ba sai ta huce, shi kuma ba ya bin yashin nan da duhu.

Inoussa ya ciro salka ɗaya ya ɗaure a bayan kekensa. Kadidia ta riƙe ƙahon.

"In ka cim masa zai iya yi maka komai. In kuka kai gari tare, Baba za ka tarar."

"Na sani."

"Me za ka ce masa?"

"Abin da ya kamata in ce tun ranar da ya zo maƙera." Ya zare hannunta daga ƙahon a hankali. "Ki sha furarki, Kadi. Tun safe ba ki ci komai ba."

Ya hau ya tafi. Salkar na lilo a bayansa, tana ɗiga a kan yashi.

Ta tsaya bakin gona har ta daina bambanta shi da duwatsu. A bayanta an fara kiɗa, mata na jera akusa, sa na ta jan gugansa. Chaibou ya zo ya tsaya nesa kaɗan da ita, hannu a aljihu.

"Gobe in mun koma, gidanku ba zai zaunu ba," ya ce. "Har yanzu in rubuta?"

Ba ta juyo ba.

"Rubuta," ta ce.